Moɗar Mushe Attaher

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu duka. Kai dai ka riga mu isa, Attaher.

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na shekarar 1985, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mushe Attaher Isufu, wato Malam Attaher a bakin ƴan boko, daraktan lakwal, makarantar bokon unguwarmu a nan Matameye. Ciwon ƙirji ne, wanda ya yi ta ɓoyewa tun daminar da ba ta yi ba, yana tari a gaban allo yana ce wa yara ƙurar alli ce. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Shekara da ƴaƴa, ya bar lakwal cike da yaran mutane, ya bar ni.

Ban sallaci gawarka ba, Attaher. Gara in faɗa da bakina tun a nan, tun da garin duka ya gani. Ina cikin layin rabon jar dawar taimako tun da safe, buhu ninke a hammata, sai ga Sallau mai gyaran mota na tasha, tsohon ɗalibinka, yana bin layi yana duba fuskoki. Da ya iso kaina ya tsaya yana haki, ya ce, "Darakta, Mushe rasu." Haka ya faɗa, babu "ya" a tsakani, kamar yadda maganarsa take komawa in hankalinsa ya tashi. Na gane sarai. Na dubi gabana, na dubi bayana. Gardin da ke tsaron layi ya riga ya faɗa cewa wanda ya fita ya fita ke nan, a gidana kuwa ba a ɗora tukunya ba ranar da ta gabata. Na ce wa Sallau ya yi gaba, ina zuwa. Ban zo ba. Sa'ad da aka auna mini rabona an riga an mayar maka da ƙasa. Na isa maƙabarta da buhu a kafaɗa mutane suna fitowa, kowa ya dube ni ya dubi buhun, ba wanda ya ce komai. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Mun ci dawar, Attaher. Har yanzu ita muke ci.

Da Faransanci na fara wannan rubutu. Na jera jimloli masu kyau, irin waɗanda aka koya mana, sai na ji kamar kana tsaye a bayana kana cewa, "Zirofot, wa kake rubuta wa? Shekara ba ta jin wannan." Na yage takardar na sake da Hausa.

Ga wanda bai sani ba, Zirofot sunan da marigayi ya laƙaba mini ne tun muna yara. Rana ɗaya aka kawo mu lakwal a zamanin Nasara, shi daga Dungu ni daga Kance, iyayenmu mata suna kuka kamar za a kai mu yanka. Tare muka yi Damagaram, tare muka yi makarantar horon malamai. A dikte, wato rubutun da malami ke karantawa yara suna rubutawa, ni ba na yin kuskure, malami ya rubuta *zéro faute* da jar tawada a saman takardata. Shi kuwa Attaher ba ya rasa kuskure ɗaya ko biyu, ba don rashin sani ba, sai don yana tsayawa kallon na kusa da shi da ya maƙale. Na yi alfahari da sunan nan shekaru da yawa. Yau ga Zirofot a layin dawa, a bayan mai sayar da itace, kuma jar tawadar ba ta sa an auna mini ko tiya ɗaya ta ƙari ba.

Ni na fara riƙe lakwal ɗin nan, kai kana mataimakina. Bayan soja sun karɓi mulki, wani ya kai wata magana da na yi a wurin shan shayi game da inda hatsin taimako ke kwana. Aka sallame ni, aka ɗora ka a kujerata. Ranar na yi rantsuwa a gaban mutane cewa ƙafata ba za ta sake ƙetare ƙofar lakwal ɗin nan ba, ko gawata ce a zagaya da ita. Na zaci za ka guje ni kamar yadda sauran suka yi, don a lokacin gaisawa da ni ma abin dubawa ne. Sai ga ka ranar Juma'a da la'asar, da ƙwaryar fura a hannun ɗanka, ka zauna a tabarmata ka ce wai wata ƙa'idar nahawu ta shige maka duhu, in warware maka. Na warware maka, ina hura hanci. Juma'a ta gaba ka dawo da wata. Shekara da shekaru kana zuwa da tambayoyin da ka san amsarsu tun muna Damagaram, kuma kowace tambaya da rakiyarta: fura, ko gero, ko ƙullin gyaɗa, har bana da abin ya tsananta ka koma kawo rogo. Na san abin da kake yi. Kai ma ka san na sani. Ba ka taɓa bari na yi godiya ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin cewa ka bari ba. Wannan ma tana cikin abubuwan da ke sa ni sunkuyar da kai in na wuce ƙofar gidanka.

Amma ba don fura na ɗauki alƙalami ba. Akwai aikin da ka yi wanda ba ya cikin rahoton kowane ensifekta, kuma in ban rubuta ba zai bi ka ƙasa.

Kowa da ya koyar a ƙasar nan ya san wahalar *le* da *la*. Bafaranshe ba ya barin suna ya fita tsirara, sai ya sa masa ƴar ƙaramar kalma a gaba: *le* ga namiji, *la* ga mace, *un* ko *une* in ba a san wanne ba tukuna. Yaranmu kuwa su zo daga gida, a ce musu tukunya mace ce, to, sun yarda, a ce musu guga namiji ne, to, sannan a ce musu rana namiji ce wata kuma mace, sai kai ya juye. Duk yaro yana rikita su. Mu malamai muna da magani ɗaya, kowa ya san shi, yana rataye a jikin allo.

Kai ne ka lura cewa a cikin kowane aji akwai yaro ɗaya ko biyu da abinsu ya bambanta. Su ba rikitawa suke yi ba. Ba sa sawa sam. Kuma ba a Faransanci kaɗai ba. Ka bi su gida, ka zauna da uwayensu, ka saurare su suna wasa. Ka zo mini wata Juma'a idonka yana walƙiya, ka ce, "Zirofot, ka taɓa jin Sallau yana Hausa?" Na ce wa ke sauraren Hausar yaro. Ka ce, "Ba ya cewa akuyar Baba. Akuya Baba yake cewa. In ka aike shi ya kawo tabarmar, ba ya bambanta ta da tabarma." Na ce dolo ne kawai, a mayar wa ubansa ya kai shi gona. Ka ce dolon da ya kwance fitilar aji ya mayar da ita daidai ba dolo ba ne, kuma kurma ba ya jin faɗuwar gyaɗa daga bayan aji. Ka ce kunnensa lafiya, hankalinsa lafiya, ƙananan kalmomi ne ke zamewa daga hannunsa kamar ƙwayar gero a rariya mai faɗin ido.

Kai ka ba su suna. Ka ce Bafaranshe hula yake sa wa kalma, Bahaushe kuma wutsiya: tukunya, tukunyar; rago, ragon. Ka ce yaron da bai riƙe wutsiyar harshen uwarsa ba, zalunci ne a doke shi a kan hular baƙo. Kuma ka faɗi abin da ya ba ni haushi ƙwarai a ranar: wai yaron da ya sa wa kalma hular da ba tata ba ya fi wanda ya yi shiru nisa, don ya san dai ana sa hula. Na ce, "To, yanzu kuskure ma ci gaba ne?" Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Ga kowa ban da kai."

Yadda kake koyar da su, ni ban taɓa gani da idona ba saboda rantsuwata, amma Sallau ya ba ni labari, daga baya kuma na ji a cikin gidana. Bayan an tashi, kana tara su a gindin dalbejiyar da ke bayan azuzuwa, kana jera moɗa iri-iri a kan tabarma. A cikinsu akwai wata tsohuwa ta duma, mai ɗinki a baki inda ta taɓa tsagewa. Ita kake sa wa ɗan guntun rake ko ƴan aya a gaban idonsu, ku yi hira a kanta, sannan ka kife su duka. Yaro ya ce, "Mushe, ba ni moɗa," sai ka ce to, ka miƙa masa wata, wadda babu komai a ciki, fuskarka ba alamar wasa. Ya ce ba ita ba. Ka ce, "Ai moɗa ka ce, ga moɗa." Ka miƙa masa wata kuma. Yara su yi ta dariya, shi ma ya yi, har sai ya buga tafinsa a cinya yadda ka koya musu, bugu ɗaya ga wutsiya, ya ce, "Moɗar!" Sannan ka buɗe mai ɗinki. Ba bulala, ba tsawa. Sai wutsiyar Hausa ta zauna kake kawo hular Faransanci, da bugu a gaba maimakon a baya. Da Hausa kake yin duk wannan, a lakwal ɗin da ake rataya wa yaro ƙashi a wuya in an ji ya yi Hausa. Sallau bai zama likita ba. Amma ya gama firamare, yana karanta sunan kayan mota a jikin kwali, direbobin Damagaram suna jiran sa. An gaya mini shi ya ɗauki gaban makararka kuma bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Sai Allah ya kawo abin cikin gidana, kamar don ya gwada bakin da ya ce dolo.

Lalla jikata ce, ƴar ɗana Haruna. Ubanta ya tafi ci-rani kudu kafin a rufe iyaka, ya bar ta da uwarta Maryama a hannuna. Ta yi jinkirin magana, muka ce gado ne daga dangin uwa. Da ta fara, sai ga shi kalmominta duk guntaye: "Kaka, zani Inna jiƙe." "Akuya shiga ɗaki." Yarinya ce mai wayo, ta san muryar kowace akuya a unguwa, in an ɓoye abu ita ke gano shi, amma in ta buɗe baki a gaban baƙi ni nake fara kallon ƙasa. Jikar Zirofot. Na sha aikenta cikin gida in na hango abokai suna tahowa. Har yau in ta yi magana a kasuwa sai na ji kunya, ba zan ce ta wuce ba. Da ta shiga lakwal yara suka samo mata waƙa: "Lalla, Lalla, *la* biyu a suna, ko ɗaya babu a baki." Na ji waƙar daga zaurena, kuma abin da ya fara zo mini shi ne cewa wanda ya ƙirƙiro ta yana da basira.

Kai kuwa da ka ji waƙar, ka tara su ka ce sun yi gaskiya, Lalla ta fi kowa arzikin *la*, biyu gare ta, don haka daga yau ita ce mai ajiyar *la* ta ajin: duk wanda zai faɗi kalmar mace sai ya zo ya taɓa kafaɗarta ya ara. Yara suka yi ta layi suna aro. Waƙar ta mutu da kanta.

Bara kumandan soja mai mulkin garin ya zo ziyara lakwal, da kakinsa da sandarsa. Aka jera yara a rana. Ya nuna tuta da sanda, sandar ta sauka a kan Lalla, ya tambaye ta da Faransanci mene ne wannan. Ta ce, "*Drapeau*." Ya ce, "*Le* ko *la*?" Ya sake tambaya da ƙarfi. Ya tambayi ƴar wace ce, wani mai son a san da shi ya ce jikar tsohon darakta. Kafin la'asar labarin ya iso ni a bakin kasuwa, da ƙari. Amma an kawo mini har da amsarka. Ka matso ka tsaya tsakaninta da sandar, ka ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka tambaya ta amsa, ta san tutar ƙasarta. Hular ce ba ta sa mata ba tukuna, kuma ni ne mai ɗinkin hula a nan. In da laifi nawa ne." An kira ka ofis washegari, ka yini a tsaye a baranda, aka ja maka kunne a kan Hausa a cikin lakwal. Ranar Juma'a ka zo da tambayarka ta nahawu kamar ba abin da ya faru. Ni kuma, kakanta, ban ma tambaye ka yadda aka ƙare ba.

Ga abin da ke gabanmu yanzu, kuma saboda shi ne mutuwarka ta zame mini tsoro bayan baƙin ciki. Lalla bana maimaita aji na biyu take yi. Doka ba ta yarda a maimaita aji guda sau biyu ba: in ba ta haye ba a watan Yuni, za a soke sunanta. Yarinyar da aka kora daga lakwal da sunan doluwa, a garin nan, sunan zai bi ta har gidan miji. Kuma tun da yunwa ta shigo, ana dafa wa ƴan lakwal fate da rana. Sau da yawa shi ne abin da ke shiga cikinta daga safe zuwa dare. Kai ka ce mini kada in damu, ta kusa, wutsiya tana nan tafe, in ta zo hula ba za ta yi wuya ba, kuma kai za ka tsaya gaban ensifekta. Na ce maka shekara biyu kana ba ta moɗa ba ta taɓa cewa moɗar ba. Ka ce, "Zirofot, gero ma ba ya tsiro ranar da aka binne shi." Na ce bana ai bai tsiro ba sam. Wannan ce maganar ƙarshe da na faɗa maka a duniya.

A zaman makoki mataimakinka Mushe Garba, wanda aka ba riƙon lakwal, yana gaya wa na kusa da shi cewa buhunan fate sun ragu, dole bana a rage waɗanda ba sa ja. Bai san ina bayansa ba. Ban ga laifinsa ba, ba shi ya hana ruwa sauka ba.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida in gai da Shekara. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da take takaba, mata cike da tsakar gida, Maryama tana cikinsu da Lalla a gefenta. Tun ranar rasuwarka yarinyar ba ta ce uffan ba. An kawo kayanka daga lakwal an zube a gindin randa, har da moɗayen. Lalla ta dube su ta ce, "Moɗa." Wata tsohuwa ta ce, "Ƙishi take ji, ku ba ta ruwa," ta ɗebo a wata moɗar gwangwani ta miƙa mata. Lalla ta ture. Aka ce, "Ke, ba moɗa kika ce ba? Ga moɗa." Kalmominka ne sak, Attaher, daga bakin matar da ba ta san wasan ba. Na ga yarinyar ta tsaya cik. Na ga ta ɗaga tafinta, ta buga a cinya, bugu ɗaya. Ta ce, "Moɗar." Muryarta ta fito da ƙarfi har mata suka juyo. Ta sake bugawa ta ce, "Ba wata ba. Moɗar Mushe."

Matan ba su ji komai ba sai yarinya mai tsiwa a gidan mutuwa. Uwarta ma ta kai hannu za ta make ta. Shekara ce ta yi magana daga cikin ɗaki, ta ce, "Maryama, bar ta. Ku ba ta mai ɗinkin." Sannan ta ce da ni, "Darakta, ka ji ko? Kullum in ya dawo sai ya ce yau ma ba ta faɗa ba, amma gobe." A tsakar gidan nan duka, ni kaɗai na yi karatun da zan san girman ƴar ƙaramar "r" ɗin nan, kuma ni ne wanda ya ce ba za ta zo ba. Kai da ka jira ta shekara biyu, ta zo ta tarar ka tafi.

Ranar Litinin na sa tsohuwar rigata ta aiki, na tafi lakwal. Na daɗe a bakin ƙofa. Masu sayar da rake a wurin sun san rantsuwata, wasunsu suna nan ranar da na yi ta. Ɗaya ya ce, "Darakta, gawar ce ta zo da ƙafarta?" Aka yi dariya. Na ƙetare.

Garba ɗalibina ne, a hannuna ya koyi *le* da *la*, ta hanyar da na iya. Ya miƙe da ya gan ni, ya rasa inda zai sa hannunsa. Na gaya masa abin da na ji a gidan Shekara. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Mushe, na yarda. Amma wutsiya ɗaya ce fa, kuma ta Hausa. Ensifekta hula zai tambaya." Na ce na sani. Na ce roƙo na zo yi, ba gardama ba. Ban taɓa roƙon wanda na koyar ba, kalmomin suka fito mini a karkace kamar na Lalla. Sannan ya ce ba zai sa sunanta cikin waɗanda za a rage ba kafin Yuni, ita da sauran yaran gindin dalbejiya, amma ba shi da malamin da zai zauna da su. Ya ce, "Sai dai in kai za ka zo, Mushe. Ba albashi. Kuma in an tambaye ni, kaka ne ya zo ɗaukar jikarsa." Yaron nan ya fi ni iya zama da soja.

Haka na gaji tabarmarka, Attaher, kuma ban iya ba. Ranar farko na tsaya a kansu na yi musu bayanin namiji da mace a nahawu, da misalai. Suka yi ta kallona. Lalla ta ce, "Kaka, magana yawa." Na zauna. Gwiwoyina ba sa son tabarma, kuma miƙa wa yaro abin da ka san ba shi yake nufi ba, ba tare da ka gyara masa ba, ya fi dikte wuya nesa. Harshena yana ƙaiƙayi. Sau da yawa gyaran yana kuɓuce mini kafin in kama shi, in ga fuskar yaro ta rufe kamar ƙofa. Rake ya yi tsada, da ƴaƴan magarya nake yi.

Amma bari in ba ka labarin da na zo da shi. Jiya na kawo gugan rijiyarmu, wanda ya kwana biyu bai taɓa ruwa ba, na ajiye a gabansu na tambaya da Faransanci mene ne wannan. Guga a Faransanci *seau* ne, kuma namiji ne, *le seau*. Yaron aji ɗaya ya san wannan. Lalla ta dubi gugan. Ta buga cinya, bugun a gaba wannan karon. Ta ce, "*La seau*."

Kuskure ne, Attaher. Kuskure ƙarara, irin wanda nake zagaye wa da jar tawada sau biyu. Bakina ya buɗe da kansa zai gyara. Na rufe shi. Na ce, "Madalla, amaryata, sake faɗa." Ta sake, da hular mace a kan guga, tana washe baki. Ni Zirofot, wanda ya yi rayuwarsa duka yana gudun kuskure, na zauna a gindin dalbejiya ina share ido da hannun riga saboda murnar kuskure, yara suna tambaya ko ƙura ce ta shiga mini. Ban san abin da ensifekta zai ce a Yuni ba. Wataƙila hular ba za ta daidaita kafin nan ba. Amma zan tsaya a gabansa inda ka yi niyyar tsayawa, in kuma an kira ni baranda, na saba da tsayuwa a layi.

Ga Shekara, wadda ta yi ta dama furar da ake kawo mini ba ta taɓa nuna ta san inda take zuwa ba, ina miƙa ta'aziyyata, da ƴaƴansa, da danginsa na Dungu, da malaman lakwal, da Sallau da duk waɗanda suka taɓa zama a tabarmar nan. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya tsare muku abin da ya bari. Ku yafe mini rashin ganina a sahun sallarsa. Shi na san da ya ce in tsaya in karɓi dawar, kuma sanin hakan ba ya rage mini komai.

Allah ya jiƙanka, Attaher. Ya yafe maka kurakuranka, kai da ba ka taɓa ƙirga na kowa ba. Ya sanyaya makwancinka, ya sassauta maka tambaya kamar yadda ka sassauta wa yaran mutane. Ya saukar mana da ruwa bana, ya dawo da waɗanda suka tafi. Ranar da ƙishirwa za ta fi ta wannan shekara, Allah ya kai ka inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake shayar da al'ummarsa, ya shayar da kai. Ba daga wani tafki ba. Daga tafkin.

Muntaka Idrisa
Matameye